Ɗanyen tumatir a akushin Ba'are: lokacinsa, amfaninsa da sharuɗɗansa

Zancen wannan mako na madafa ne, amma kada maigida ya naɗe jarida ya ce sha'anin mata ne, domin shi ke fid da kuɗin cefane da safe, shi ne kuma ke neman kuɗin magani da dare idan cefanen ya zo da tsautsayi. Tumatir za mu tattauna a kansa, ɗanye, wanda ake yankawa da albasa da tanka, a matsa masa lemun tsami, a ci nan take.

Daga watan Janairu zuwa ƙarshen Maris, duk wanda ya bi babbar hanyar da ta taso daga Doso ta ratsa Kore Mairuwa da Dogon Dutsi ta nufi Birnin Konni, ya san ƙasar Arewa tana cikin wadatar kayan garka. Dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne. Dallol Mauri, wato tsohon kwarin da ya keto ƙasar daga arewa, ya bi ta Matankari, ya gangara kudu har wajen Gaya, ruwansa ba shi da nisa. A wurare da dama mita kaɗan za a haƙa a tarar da shi. Hausawa sun ce ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Arawa kuwa sun tona, musamman tun bayan farin 1984, lokacin da gwamnatin Seyni Kunce ta tsaya kai da fata a kan noman rani. Daga garaken Sukukutan da Matankari cikin gundumar Dogon Dutsi, zuwa na Dumega da Gesheme cikin gundumar Tibiri, wadda aka yanke daga Dutsi a 2011, ana fid da albasa da dankalin turawa da kabeji da salati da zogale da tumatir.

To amma tumatir ba gero ba ne, ba a kai shi rumbu. A cikin kowane kashi 100 na nauyinsa wajen kashi 94 ruwa ne, don haka kwandon da bai fita yau ba, jibi ya zama rabon awaki. Gashi kuma masu garka duk lokaci guda suke dashe, bayan an kawar da amfanin damina, saboda haka lokaci guda yake nuna musu, ya cika kasuwa, kuɗinsa ya faɗi warwas. Da zarar bazara ta kama, zafin rana ya zarce digiri 35, sai furen tumatir ya riƙa zubewa ba tare da ya ɗaura ƴaƴa ba. Abin da aka yi wulaƙanci da shi a Fabrairu ya koma abin nema a Mayu da Yuni. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa sarin kayan gwari ya san wannan hawa da sauka, wasu ma da jarinsu suka biya kuɗin karatun.

Abin mamaki shi ne, a tsakiyar wannan wadata, gidajen ma'aikata da na ƴan kasuwa da yawa ba su san wani tumatir ba sai na gwangwani da na leda. Mai garka na roƙon a saya, yaron gida kuwa na ratsa gabansa ya nufi kanti. Dattawanmu ba su manta da ranar 12 ga Janairu 1994 ba, ranar da aka karya darajar sefa, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 ya koma 100, kayan waje suka yi tashin gwauron zabo a daidai lokacin da albashi ke makara. A wancan zamani kowa ya yi ta kiran a koma ga cin namu na gida. Da ƙura ta lafa sai aka koma gidan jiya. Alhali kuwa gwangwanin nan daga nesa yake tasowa. Wani ɗan jarida Bafaranshe, Jean-Baptiste Malet, ya bi sawunsa a cikin littafin da ya fitar a 2017, ya nuna cewa mafi yawan markaɗaɗɗen tumatirin da ake sayarwa a Afirka ta Yamma daga yankin Shinjiyan na ƙasar Sin yake fitowa cikin manyan durom, a sake ɗura shi a ƙananan gwangwanaye, wasu lokuta har da ƙarin sitaci da launi.

Maganarmu ɗaya ce: a cikin watanni ukun nan da tumatir ke arha, ya kamata kowane gida ya ci rabonsa ɗanye, amma bisa sharaɗi biyu, tsabta da gaggawa.

Darasi daga ƙasar asali

Asalin tumatir na nahiyar Amurka ne. A daji yake fitowa a yankin duwatsun Andes, mutanen Meziko ne suka mai da shi abin shuka, sunansa ma daga harshen Aztek ya fito, inda suke ce masa tomatl. Bayan Sipaniyawa sun ci daular Aztek a 1521, wani limamin coci mai suna Bernardino de Sahagun, wanda ya sauka ƙasar a 1529, ya rubuta bayanin kasuwanninsu, ya ambaci masu sayar da miya iri-iri da ake haɗawa da tumatir da barkono da ƴaƴan kabewa. Daga can tumatir ya ƙetara teku zuwa Turai, inda aka fara bayaninsa a littafi a Italiya a 1544, kafin ya bazu cikin duniya ya iso gare mu.

Kalmar salsa a harshen Sipaniya miya kawai take nufi. Wadda ake yi da ɗanyen tumatir suna kiranta pico de gallo, wato bakin zakara, wasu kuma su ce miyar tuta, don launin ja da fari da kore irin na tutar Meziko: jan tumatir, farar albasa, koren barkono da ganye. Ba sarauta gare ta ba, abincin talaka ce, amma ta yi farin jinin da a 1991 kuɗin da Amurkawa suka kashe wajen sayen salsa ya zarce wanda suka kashe a kan kecaf. A Kenya da Tanzaniya akwai ƴar'uwarta kacumbari, wadda ake ci da gasasshen nama. A Benin da Togo akwai moyo, wadda duk wanda ya yi fatauci Kwatano ko Lome ya ci ta da soyayyen kifi.

Mu ma ba baƙinta ba ne. Mai tsire da mai balangu ba su naɗe takarda sai sun yayyanka tumatir da albasa a kai. Kwaɗon zogale da na lansir da na salati duk da shi suke tafiya. Mai jiƙa garin rogo da mai da yaji, in ya samu tumatir guda ya yanka a ciki, ya san ya ƙara armashi. Bambancin kawai shi ne mu ado muka ɗauke shi, yanka biyu ko uku a gefen faranti, su kuwa sun ba shi kwanonsa na kansa. Kuma duk kayan haɗin muna da su a ƙofar gida. Farar albasar da mutanen Meziko suka fi so, Sukukutan tana da irinta wanda masana aikin gona suka san shi da sunan garin; wanda bai samu ba, ga jar albasar Galmi.

Yadda ake haɗawa

Ga gida mai mutum shida zuwa takwas, a nemi tumatir matsakaita 6, wato kimanin rabin kilo. Albasa matsakaiciya 1. Ɗanyen tanka 2 ko attarugu 1. Rabin ɗanyen tattasai. Lemun tsami 2. Gishiri rabin ƙaramin cokali. Sai ɗan lawashi ko lansir ko farsil, gwargwadon abin da ya samu. A zaɓi tumatir dogo mai tsoka, wanda ya nuna ja amma yana da ƙarfi a hannu, domin mai zagaye mai yawan ruwa ya fi dacewa da tukunya.

Da albasa ake farawa. A yanka ta ƙanana, a matsa mata lemun tsami, a bar ta minti 10. Tsamin zai kashe mata kaifi ya bar zaƙin. Kafin nan a tsaga tumatir gida huɗu, a kwashe ƴaƴan da ruwan ciki a wani kwano dabam, a yanka tsokar daidai girman ƙwayar wake. A barbaɗa gishirin, a zuba a rariya minti 10 zuwa 15, gishiri zai jawo sauran ruwan ya tsane. Wannan shi ne sirrin aikin, domin in an tsallake shi, kafin a kai akushi komai ya nutse cikin ruwa. Ruwan da ya tsane da ƴaƴan da aka kwashe ba abin zubarwa ba ne, a juye su cikin miyar dare.

Sai a cire ƴaƴan tanka in ana son a rage zafi, a yanka shi siri-siri tare da tattasai da ganye, a haɗa duka a juya a hankali da cokali, a ɗanɗana. Ba a kai shi turmi, ba a kai shi injin markaɗe, ba a kuma sa masa dunƙulen magi. Tumatirin da ya nuna a uwarsa ba ya bukatar mai taya shi. Wanda ke son ya mai da shi na ƙasar gyaɗa, ya daka ƙuli-ƙuli cokali biyu ya barbaɗa, ya ɗiga man gyaɗa; ba bidi'a ya yi ba, tun da mutanen Aztek ma da ƴaƴan kabewa suke ɗaure tasu. Ana cin sa da shinkafa da wake, da dambu, da ƙosai, da awara, da dafaffen dankalin Dutsi, da gasasshen zabo ko kifi, har da burodi ga ma'aikacin da ya dawo daga ofis a gajiye.

Me ya sa sai ɗanye?

Amsar tana cikin jini. Binciken lafiyar jama'a da aka yi a Nijar a 2012 ya gano cewa yara 73 cikin 100 masu wata 6 zuwa 59 suna fama da ƙarancin jini, haka kuma mata 46 cikin 100 masu shekara 15 zuwa 49. Ɗaya daga cikin manyan dalilan wannan ciwo shi ne rashin isasshen sinadarin ƙarfe a jiki. Gero da wake da zogale, waɗanda su ne cimar Arewa, suna ɗauke da shi, amma irin wanda hanji ba ya tsotsa da sauƙi. Mafi yawansa wucewa yake yi. Abin da ke taimakon hanji ya kama shi shi ne bitamin C, in an ci su a zama ɗaya. Gram 100 na ɗanyen tumatir yana da kimanin miligram 14 na wannan bitamin, jan tattasai ɗanye yana da fiye da 100, ga kuma na lemun tsami. Bitamin C kuwa ba ya jure wuta. Miyar da ta yi awa biyu tana tafasa ta yi asarar babban rabonsa. Ke nan cokali uku na wannan haɗi a kan shinkafa da wake ba kwaɗayi ba ne, ƙarin jini ne ga mai ciki da mai goyo da ɗan makaranta. A kuma lura, shayin da muke ɗorawa da zarar an ɗauke akushi yana hana jiki karɓar ƙarfen; a jinkirta shi ko da awa ɗaya.

Wannan ba ya nufin an kori dafaffen tumatir. Sinadarin da ke ba shi launin ja, wanda masana ke kira likofen, jiki ya fi samunsa in an dafa tumatir da ɗan mai. Kowanne da ranarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar babban mutum ya ci gram 400 na ganye da kayan marmari a kullum, gishiri kuma kada ya kai gram 5. Da wuya a cika na farkon da tuwo da miyar kuka kaɗai.

Kada garin neman ƙiba a samo rama

Abin da bai ga wuta ba, duk ƙazantar da ta hau shi tare da ita za a haɗiye. Ko ƙasashen da ke da firigo a kowane gida ba su tsira ba. A 2008 ƙwayar cutar salmonela ta kwantar da mutum fiye da 1,400 a Amurka. Da farko aka ɗora laifin a kan tumatir, manoma suka yi babbar asara, daga baya aka gano cewa ɗanyen barkono ne da aka shigo da shi daga Meziko. A nan gida kuwa, annobar amai da zawo ta 2021 ta kama mutum fiye da 5,000 a Nijar, ta kashe fiye da 150, kuma jihar Doso tana cikin waɗanda ta taɓa. Ruwan tafki da ake ban ruwa da shi, takin dabbobi da bai ruɓe ba, buhun da aka shimfiɗa a ƙasan kasuwa, ƙuda, da hannun kowane mai taya yana latsawa, duk hanyoyi ne na kwalara da zazzaɓin taifod da tsutsar ciki.

Saboda haka sharaɗin farko shi ne tsabta. A wanke hannu da sabulu. A wanke kayan tun suna ɗungurum, kafin wuƙa ta taɓa su, a cuɗa kowanne da ruwan sha. Sannan a jiƙa su minti 15 cikin ruwa lita 5 da aka sa wa babban cokali ɗaya na ruwan zabel mai digiri 8, marar turare, a ɗauraye da ruwan sha. Kada a haɗa zabel da lemun tsami ko wani abu mai tsami, domin yana ta da iska mai guba. Wuƙa da katakon da suka yanka ɗanyen nama ko kaza ba su kusantar wannan aiki sai an wanke su da sabulu. Fasasshen tumatir da ake zubarwa da arha in kasuwa ta watse ba a cin sa ɗanye, wanda ya yi funfuna kuwa ko tukunya bai cancanta ba. Kada kuma a dogara da lemun tsami a ce ya kashe cuta. Yana rage mata ƙarfi kawai.

Akwai kuma batun maganin ƙwari. Tsutsar tumatir mai suna Tuta absoluta, wadda ita ma daga Amurka ta Kudu ta fito, ta ɓulla a Sipaniya a 2006, aka gan ta a Nijar a 2013, a 2016 kuma ta yi ɓarnar da ta sa jihar Kaduna ta Najeriya ta kafa dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Tun daga lokacin masu garka da yawa suka ƙara yawan feshi, wasu da magungunan da ke ƙetaro iyaka ba tare da amincewar kwamitin ƙasashen Sahel mai tantance su ba. Kowane magani na ƙwarai yana da adadin kwanakin da za a jira tsakanin feshi da tsinka, a rubuce a jikin kwalba. Wanki yana rage na bayan ɓawo, ba ya fid da wanda ya shiga ciki. Maganin wannan shi ne sanayya: kowane gida ya zamo yana da mai garkar da ya sani, wanda zai iya tambayarsa yaushe ya yi feshi, ya kuma gaya masa gaskiya.

Sharaɗi na biyu shi ne gaggawa. Tumatir muddin yana cikin ɓawonsa yana da sulke. Da an yanka shi, ruwansa ya zama gonar ƙwayoyin cuta. Ƙa'idar masana ita ce kada yankakken ya wuce awa 2 a waje, in zafi ya haura digiri 32 kuma awa 1. Ba abin da za a yi da hantsi a ajiye wa maigida sai la'asar ba ne, ba kuma guzurin mota ba ne. Mai firigo ya rufe ya sa a ciki, ya cinye kafin gobe, in wuta ba ta ɗauke ba. Wanda ba shi da shi ya yi daidai cin zama ɗaya, abin da ya rage a juye a tukunya ya tafasa. In kuwa hukumomin lafiya suka ba da sanarwar ɓullar kwalara a gari, a jingine duk wani ɗanyen abu sai ta wuce.

In bazara ta shigo

Mutanen Meziko suna da wata dabara da ta dace da watannin zafi. Sukan gasa tumatir da albasa da barkono da tafarnuwa a kan wuta har ɓawon ya babbake, sannan su murƙushe su a turmin dutse da gishiri. Gawayi da turmi ba baƙinmu ba ne. Wannan ya fi ɗanyen aminci, yana da ƙamshin hayaƙi, kuma tumatirin da ya fara laushi ma yana shiga. Don damina kuwa, iyayenmu sun riga sun yi mana tanadi da kauɗa. Wajen kilo 15 na ɗanye ke ba da kilo ɗaya na busasshe. Wanda ya sayi kwando biyu a Fabrairu, ya tsaga, ya shanya a kan tabarma bisa rumfa, nesa da ƙasa da kaji, ya rage wa kansa kuɗin gwangwani na watanni.

Ya ku ƴan kasuwa, kun fi kowa sanin cewa kayan gwari ba asarar kuɗi kaɗai ke tattare da su ba, har da amana. Ku ware fasasshe daga lafiyayye, ku ɗaga kaya daga ƙasa, ku yi musu inuwa, kada a ɓoye ruɓaɓɓe a gindin kwando. Ku kuma ma'aikata, da malamin makaranta da na asibiti da na ofishin gunduma, ku ne abin koyi a unguwa. Abin da aka gani a akushinku shi maƙwabta ke gwadawa. Kowace dala da kuka miƙa wa mai garka a nan take kwana, ta sayi iri, ta biya kuɗin man injin ban ruwa, ta riƙe saurayi guda a fadama maimakon ya tafi cin rani. Rabin kilo a kullum a gida ɗaya ba wani abu ba ne, amma in gida dubu suka yi haka a Dogon Dutsi kaɗai, rabin tan ke nan a kowace rana da ba zai ruɓe a bakin hanya ba.

A nan za mu dasa aya. Allah ya ba mu lafiya da abin sawa a bakin salati, ya sa albarka ga masu garka, ya kai mu mako mai zuwa.